Na fasa kwas saboda cuta mai yaɗuwa, za a mayar min da kuɗina? Tambayoyi da amsoshi

Na daɗe ina zama a teburin rijista na wata cibiyar koyarwa, kuma cikin abubuwan da suka fi tsaya min a rai akwai mutumin da zai kira muryarsa a dishe yana tari, yana tambaya ko kuɗinsa sun tafi kenan. Wasu ma ba sa kira, sai dai ka gan su a aji da zazzaɓi saboda tsoron asara. Shi ya sa na tara tambayoyin da aka fi yi min na amsa su a nan. Ina cewa "ka" ne don sauƙin rubutu, amma da mata da maza duka nake.

Tunda ba laifina ba ne, ai dole su mayar min ko?

Toh, a gaskiya ba kai tsaye ba. Ranar da ka cike fom ka biya, ko ka danna wajen nan na "na amince" a shafinsu, kun ƙulla yarjejeniya kenan, kuma abin da ke rubuce a sharuɗɗan shi za a fara dubawa kafin komai. Don haka kafin ka ɗaga waya ka nemo fom ɗin ko imel ɗin da suka turo maka bayan rijista, ka karanta wajen da ya yi maganar fasawa. Yawanci ɗaya cikin uku za ka tarar: ko a mayar da kuɗi duka in ka fasa da wuri, ko a mayar da wani kaso a riƙe wani, ko a ce babu mayarwa amma za a ɗaga maka zuwa zango na gaba.

Su ma fa suna da tasu hujjar, an riga an ɗauki malami, an kama ɗaki, an hana wani kujerar da aka ajiye maka. Amma ni a ganina cuta mai yaɗuwa ta bambanta da sauran uzuri, domin zamanka a gida kariya ce ga ɗalibansu da malaminsu, su ne ma suka fi cin moriyarsa. Wannan ita ce hujjarka mafi ƙarfi kuma ka faɗe ta a fili lokacin da kake nema. Wurare da yawa da sharuɗɗansu ke da tsauri suna sassautawa in suka ji haka, musamman in akwai takarda.

Yaushe ya kamata in sanar da su?

Ranar da ka sani, a ranar. Kada ka ce bari in ga ko zan ji sauƙi zuwa jibi. Yawancin sharuɗɗan fasawa hawa-hawa ne, iya kusantar ranar farawa iya raguwar abin da za a mayar, kuma da ranar da saƙonka ya iso ake lissafi, babu ruwansu da ranar da ciwon ya fara. Sannan in ka sanar da wuri suna iya ba wani kujerar daga jerin masu jira, in suka cike gurbin kuwa ba su yi asarar komai ba, kai ma bakinka ya ƙara ƙarfi.

Ka kira in kana so, amma bayan kiran ka bi da rubutu, imel ko saƙon waya. Na sha ganin wanda ya kira ya yi magana da wani ma'aikaci aka ce masa "ba komai Allah ya ƙara sauƙi", bayan wata guda ya dawo neman kuɗi aka ce babu wanda ya san da maganar. Rubutun ba sai ya yi tsawo ba: sunanka yadda yake a rijista, sunan kwas da ranar farawa, lambar rasit, cewa likita ya ce kana da cuta mai yaɗuwa kada ka shiga mutane daga rana kaza zuwa rana kaza, sai abin da kake so a yi maka. Wannan na ƙarshen shi mutane ke mantawa, su ba da labarin ciwo kaf amma ba su ce "ina neman a mayar min da kuɗina" ba, sai ofis ya ɗauka sanarwar rashin zuwa ce kawai. In jikin ya yi tsanani ba ka iya rubutu, wani naka ya tura a madadinka.

Wace cuta ce ake ƙirgawa a mai yaɗuwa, kuma kwana nawa zan zauna?

Wadda ke tashi daga mutum zuwa mutum ta numfashi, tari, taɓa jiki ko hannu mara tsabta. Likitanka ne zai yanke maka kwanaki, amma ga abin da aka saba bi, don ka san ko kwas ɗin zai wuce ka gaba ɗaya ko kwana kaɗan ne kawai za ka rasa.

Ƙyanda tana yaɗuwa tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito har kwana 4 bayan fitowarsu. Ƙarambau kuma tun kwana 1 zuwa 2 kafin ƙurajen har sai dukansu sun bushe sun yi ɓawo, wanda kan ɗauki wajen kwana 5 zuwa sati. Hangum, kwana 5 daga ranar da kumburin ya fara. Tarin shiƙa in ba a sha magani ba mutum na iya yaɗa shi har sati 3 da fara tarin, in an fara maganin da ya dace kwanakin na raguwa sosai. Mura mai zafi irin wadda ke kwantar da mutum, ana so zazzaɓi ya sauka da kansa na tsawon awa 24 ba tare da maganin sauke zazzaɓi ba. Amai da gudawa, awa 48 bayan sun tsaya. Tarin fuka na huhu shi ne mai dogon zango, maganinsa galibi wata 6 ne, amma yawanci bayan sati 2 ana shan magani yadda ya kamata haɗarin yaɗawa na raguwa ƙwarai, kuma likita ne kaɗai zai ce yanzu kana iya komawa cikin mutane.

Zazzaɓin cizon sauro ba ya cikin wannan layin, sauro ke ɗaukarsa, zama kusa da mai shi ba ya sa ka kamu. Yana iya kwantar da kai har ka kasa zuwa, to wannan sai ka nema a ƙarƙashin uzurin rashin lafiya na gama-gari, kada ka rubuta musu cewa mai yaɗuwa ne, in suka gano kuskure ɗaya sai su fara shakkar sauran maganar.

Me ya kamata takardar likita ta ƙunsa?

Sunanka, ranar da aka duba ka, kwanakin da aka ce kada ka shiga taro, sa hannu da hatimin asibiti. Kwanakin nan su ne zuciyar takardar, dole su haɗu da kwanakin kwas ɗin, domin takardar da ta ce ka huta kwana 3 ba za ta ɗauki nauyin fasa kwas na wata 3 ba. In ciwon mai ja ne ka gaya wa likita dalilin da ya sa kake son takardar, ya san yadda zai rubuta.

Sunan cutar kuwa sirrinka ne. Ya isa a rubuta cewa cuta ce mai yaɗuwa kuma bai halatta ka shiga aji ba, ba sai ka miƙa musu sakamakon gwajin jini ko katin asibiti gaba ɗaya ba. Ina faɗin haka ne saboda masu tarin fuka, na san yadda ake ƙyamarsu da zarar magana ta fita, alhali cuta ce da ake warkewa sarai. Sai dai in ka riga ka zauna a aji kwanakin da kake iya yaɗawa, to a nan kam ka gaya wa shugaban wurin sunan cutar a asirce don a sanar da sauran ɗalibai ba tare da ambaton sunanka ba, wataƙila akwai mai ciki a cikinsu.

Kuma don Allah kada ka kai takardar da ƙafarka. Ka ɗauki hotonta ka tura, asalin ka ajiye har ka warke. Haka ma asibiti, in kana zargin ƙyanda ce ko ƙarambau ka kira su kafin ka je don kada a zaunar da kai cikin layi.

Ban je asibiti ba, a gida na yi jinya. Shi kenan na rasa?

Ba lallai ba, amma ya ƙara wuya. Ka tattara duk abin da kake da shi: sakamakon gwaji in ka yi, takardar magani, saƙon da ka tura musu ranar da ciwon ya fara. Ka faɗi gaskiya cewa ba ka ga likita ba. Abin da ba zan taɓa ba ka shawara ba shi ne sayen takardar bogi ko sa wani ya mayar da kwanan wata baya, ofisoshi suna kiran asibiti su tabbatar, in aka kama ka kuɗin sun tafi, suna ya ɓaci, a wasu wuraren ma laifi ne da doka ke hukuntawa.

Ba ni ne mara lafiyar ba, ɗana ne, ko an ce in killace kaina

Wannan kashi biyu ne. In likita ko hukumar lafiya ce ta ce ka killace kanka saboda ka yi hulɗa da mai cutar, ka nemi su ba ka a rubuce, ƙarfinta kusan ɗaya da takardar mara lafiya. Ƙarambau misali tana iya ɗaukar kwana 10 zuwa 21 kafin ta bayyana, mutum na jin kansa garau alhali tana tafe.

In kuwa jinyar yaro ce ta riƙe ka, sharuɗɗa da yawa ba su ambaci wannan ba sam, sai dai roƙo da fahimtar juna. Ki tura takardar yaron, ki yi bayani cewa babu mai kula da shi sai ke, kuma ki nuna a shirye kike ki karɓi ɗagawa in mayar da kuɗi ba zai yiwu ba. Na ce "ki" a nan don yawanci iyaye mata ne ke zuwa min da wannan tambayar, kuma su ne suka fi yin shiru su haƙura alhali da sun tambaya da an duba.

Na riga na fara, rabin hanya ciwon ya same ni. Yaya lissafin yake?

Abin da ya fi kusa da adalci shi ne a cire na darussan da ka halarta a mayar da sauran. A ce kwas na sati 12 ne ka yi sati 3, saura 9, wato kashi uku cikin huɗu na kuɗin koyarwa ake magana a kai. Amma ka sa ran za su fara cire kuɗin rijista, da na littattafai ko kayan aikin da ka riga ka karɓa, da kuɗin jarrabawa in sun riga sun tura wa wata hukuma daban, domin wannan ya bar hannunsu. Ka nemi su rubuto maka lissafin dalla-dalla, me aka cire kuma don me. Wani lokacin kuskure ne kawai, akawu ya ƙirga daga ranar da ya ga saƙon maimakon ranar da ka tura.

Kafin ka fasa gaba ɗaya ka tsaya ka duba, in sati ɗaya ne za ka rasa cikin 12 wataƙila bai kai a fasa ba. Ka tambaya ko akwai iyakar fashi da aka yarda da ita kafin a hana satifiket, da ko za a ƙirga kwanakin ciwo a ciki.

A fom ɗin an rubuta ba a mayar da kuɗi ko me ya faru. Akwai sauran magana?

Akwai. Na farko, wanda ya rubuta dokar yana iya ɗaga ta, ka nemi magana da manaja ko mai wurin, ma'aikacin tebur sau da yawa ba shi da ikon cewa eh ko da yana so, ni shaida ne. Na biyu, ƙasashe da yawa suna da dokar kare haƙƙin mai saye wadda ba ta yarda da sharaɗin da ya karkata gefe ɗaya fiye da kima ba, misali a riƙe kuɗinka duka alhali an sayar wa wani kujerarka. Ka nemi hukumar kare masu saye ta ƙasar da cibiyar take, ka ga abin da dokarsu ta ce.

Wasu kuma na kawo maganar sashen nan na "abin da ya fi ƙarfin mutum" da ake sawa a yarjejeniya. Ka karanta shi da kyau, galibi an rubuta shi ne don kare cibiyar in ambaliya ko annoba ta hana ta buɗewa, ba kasafai yake rufe ciwon ɗalibi ɗaya ba.

Kwas ɗin ta intanet na saya

A nan hujjar yaɗuwa ba ta da ƙarfi tunda ba wanda za ka shafa wa ta allon waya, sai dai ka ce jikin ne ya hana ka bi. Amma akwai wata ƙofar. A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya, wanda ya sayi hidima daga nesa yana da kwana 14 da zai iya janyewa ba tare da ba da dalili ba, sai dai in ka nemi a fara maka kafin kwanakin su cika za ka biya na abin da aka riga aka yi, kuma in bidiyo ne da ka amince a buɗe maka nan take ka yarda ka sarayar da haƙƙin, to ya faɗi. Manyan shafukan koyo ma suna da nasu wa'adin, Udemy misali kwana 30 ne a yawancin kwasa-kwasansu, muddin ba ka riga ka kalli kaso mai yawa ba. In kana cikin wa'adi ka danna neman mayarwa kawai, ba sai ka kawo zancen ciwo ba.

In kuma biyan wata-wata ne, ka shiga ka tsayar da shi tun kana kwance, in ba haka ba za a ci gaba da cira.

Sun ce ba kuɗi, amma za su ɗaga min zuwa zango na gaba. In karɓa?

In har yanzu kana son kwas ɗin, ni dai zan ce ka karɓa, sau da yawa ma ya fi, don ɗagawa kan zo ba tare da an cire komai ba, mayarwa kuwa sai an yanka. Amma a rubuto maka: wane zango, har yaushe damar take, in kuɗin kwas ya tashi kafin nan wa zai cika, in kuma ba su buɗe ajin ba saboda ƙarancin ɗalibai me zai faru da kuɗinka. Ka kuma tambaya ko kana iya ba wani gurbinka, ɗan'uwa ko abokin aiki, shi ya biya ka. Wurare da yawa sun yarda da haka tunda su ba abin da ya ragu musu.

In su ne suka soke fa, malami ne ya kamu ko an rufe wurin?

Wannan mai sauƙi ne, ba su ba ka abin da ka biya ba, don haka kuɗin darussan da ba a yi ba naka ne. Lokacin korona, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annoba ranar 11 ga Maris 2020, ajujuwa da yawa sun koma intanet dare ɗaya, kuma an yi ta rigima a kan ko hakan daidai yake da abin da aka biya. In kwas ne na aikin hannu, ɗinki, gyaran inji, aikin jinya, ai kallon allo ba zai maye gurbin taɓa kayan aiki ba, kana da hujjar neman ragi ko a jira a buɗe.

Na tura saƙo sun yi shiru, ko sun ƙi

Ka ba su kamar sati guda, ka sake turawa a kan saƙon farko don a ga kwanan watan. In shiru, ka rubuta wa na sama, ka sa rasit da takardar likita da hoton saƙonnin baya, ka faɗi ranar da kake jiran amsa. Ka riƙe harshenka ko da ranka ya ɓaci, zagi ba ya fito da kuɗi, kuma duk abin da ka rubuta wani na iya karantawa gobe a wajen sasanci. Daga nan sai hukumar da ta ba su lasisi ko ta kare masu saye, ƙarshe kotun ƙananan ƙararraki in ƙasar na da ita.

In da kati ka biya, banki na da hanyar ƙalubalantar biya, a tsarin Visa da Mastercard wa'adin kan kai kwana 120 a yawancin lamura. Sai dai ka fahimta, banki ba zai dawo maka da kuɗi don kawai ka yi ciwo ba. Yana shiga ne in sun yi alkawarin mayarwa a rubuce suka ƙi cikawa, ko sun soke kwas suka riƙe kuɗi.

Ta ina kuɗin za su dawo?

Yawanci ta hanyar da suka shiga, kati zuwa kati, asusu zuwa asusu, kuma ga wanda ya biya. In wurin aikinku ne ko mahaifinka ya biya, can za su koma, don haka ka sanar da shi tun farko. Ka tambayi ranar da za a tura, ka nemi shaidar turawa. Kuma duk wanda ya kira ka ya ce daga cibiyar yake, ka ba shi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta waya don ya mayar maka da kuɗi, ɓarawo ne, ka kashe wayar. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar ko ɗaya daga ciki.

To in dai ba za a mayar ba, ba gara in daure in je ba?

A'a, don Allah kada ka je. Na san kuɗin nan da wahala aka tara su, wani bashi ya ci, wani shekara ya yi yana ajiya, ba na raina wannan ko kaɗan. Amma ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 da ba su da rigakafi suka zauna kusa da shi har 9 na iya kamuwa. Ba ka san wace ce mai ƙaramin ciki a ajin ba, ƙarambau kuwa haɗari ce gare ta da abin da ke cikinta. Ba ka san wa zai koma gida ya ɗauki jariri ba, tarin shiƙa jarirai yake kashewa. Ba ka san wa ke shan maganin da ya raunana masa garkuwar jiki ba.

Abin da za ka yi shi ne ka rubuta wa malamin da kansa, ban da ofis, ka ce ga halin da kake ciki, ka roƙi a turo maka takardun darasi ko a naɗa maka abin da aka koyar, ka tambaya ko akwai wani rukuni da za ka shiga ka rama darussan da suka wuce. Ka gaya masa ranar da likita ya ce kana iya dawowa, ranar kuma ka zo da takardarka a hannu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.